Adashin Wagadugu

Mu biyar ne a shagon Sahabi,
bayan isha'i, janareto na tari,
Jega ta yi tsit, sai masu shayi.
Luba ƙanwarsa ta juya rasit ɗin siminti,
ta ja layi da biro mai yoyo:
nan Kamba, nan Gaya, nan Doso,
nan Yamai, in an ba mu tabarma mu kwana.
Sai ta ɗiga tawada can bakin takarda,
ta ce, "Wagadugu ke nan. Saura kuɗi."

An ce a can mako guda ake kallo,
safe da dare, ba mai cewa a tashi,
kuma wanda ya yi fim ɗin yana zaune gefenka,
kana iya taɓa shi ka ce,
"Malam, don me ka bari yaron ya nutse?"
Wannan kaɗai ya isa in jinginar da babur.

Ni mai bidiyon biki ne.
Shekara tara ina ɗaukar mutane suna cin shinkafa,
ina yanke wanda ya yi hamma,
ina ƙara wa angwaye hasken da ba su zo da shi ba.
So nake, ko sau ɗaya,
in zauna cikin duhu wani ya nuna mini yadda ake yi.

Muka huda gwangwanin madara,
zubi duk Juma'a, bayan kasuwa ta watse.
Namadina ke riƙe da littafi,
don shi ko ƙuda bai taɓa lasar romonsa ba.
Mai canji kuwa dariya yake mana:
naira na ramewa, sefa na yin kumatu.
Kuɗin da ya kai mu Yamai a watan jiya
yau a Doso yake sauke mu.

Mun yi gardama kan mota har shayi ya huce.
Sahabi ya rantse da lagiretonsa,
mu da muka tura ta daga Andarai muka yi shiru.
Ranar allurar katin shawara
shi ne, ƙaton nan, ya nemi a riƙe masa hannu.
Luba ta koya mana Faransanci na kwana uku,
abin da ya zauna mini: "ya yi tsada."

Innata ta ce hanya ba lafiya,
"a kan kallo za ka kai ranka?"
Na ce da rana za mu bi, cikin ayari.
Ba ta amsa ba.
Washegari na ji turmi, tana dakan dakuwa.

Saura kwana tara,
Jabbi ya shigo, bai zauna ba.
Injin ban-ruwansa ya ƙone,
albasa na can ta sunkuyar da kai.
Shi ne fa ya fara kawo zancen tafiyar nan,
shi ya san sunan kowane ɗakin kallo
kamar a can aka yanke masa cibiya.

Namadina ya buɗe gwangwani, ya lashi yatsa,
ya ƙirga rabonsa sau biyu.
Da ya zaci ba mai gani
sai ya zaro wasu daga aljihun ciki, ya cusa tsakiya.
Na gani. Wannan ban yanke ba.

Jabbi ya ce, "Ku zauna gaba-gaba.
Kada ku ɗauko mini a waya, ba na so.
Ku dawo ku faɗa mini da baki,
kowa nasa daban, in ga wa ya fi ƙarya."

Gobe da asuba ne.
Na leƙa motar: kujerar taga ta baya,
wadda ya kama tun watan Safar,
an ɗora mata jarkar ruwan lagireto
da ƙunshin dakuwar Inna.
Na ƙirga dunƙulen. Na mutum biyar ta yi.