Baƙon da Ba Ya Taka Ƙasa

Kakana Anselm bai taɓa duba takardar awona ba.
Ya ce lambobi na gajiyar masa da ido,
harshe ne ma'auninsa.
Sai ya tsinki ganyen kauci ya tauna, ya tofar,
ya ce, "Wannan a gidan marowaci ya kwana."

A tsaunukan Jura muke, inda hazo kan makara a kwari,
inda itatuwa ke tuɓewa idan sanyi ya shigo,
sai kauci kaɗai, kore shar, dunƙule a sama
kamar wanda bai ji an yi rasuwa a gidan ba.
Ba shi da saiwa a ƙasa.
Tsuntsu ke cin 'ya'yansa farare masu yauƙi,
ya goge baki a reshe, ya tashi abinsa,
daga nan baƙo ya samu masauki,
ba sallama, ba ranar tafiya.

Ni aikina a Basel ne, cikin farar riga.
Nakan niƙa, in jiƙa, in tace, in jira na'ura ta yi magana.
Abin da take faɗa ba ya zama wuri ɗaya:
na kan tuffa daban,
na kan itacen nan mai ganye kamar allura daban,
shi kuwa tsohon itace mai 'ya'ya sanye da hula
da ƙyar yake karɓar baƙo,
in ya karɓa kuwa, kowa na neman nasa.
Sinadarin da ke tashi a tsakiyar sanyi
kan kwanta idan rana ta yi tsawo,
wani ya miƙe a madadinsa.
Ganye ɗaya, wata shida tsakani, kamar ba su san juna ba.

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka,
buhun da ya aiko daga tuffar bayan rumbu
ya ba ni lambobin da ban gane ba.
Na wanke kwalabe, na sake. Na zargi na'ura.
Na zargi Severin da ke riƙe da ita, har muka yi kwana biyu ba gaisuwa.
Da na buga waya, kaka ya yi dariya har da tari:
"Yarinya, tuffar ce ke jin ƙishirwa.
Wanda ke sha a kofin wani,
in kofin ya ƙafe, me zai haɗiya?"

Bana gwiwarsa ta ƙi tsani.
Ni na ɗaura igiya, na hau,
ƙanƙara na cizon yatsuna ta cikin safar hannu.
Yana ƙasa, ya dogara da sanda, yana ihu:
"Ba wannan ba! Na gefen da rana ke fara taɓawa!
Ki bar masa rabi, kada baɗi mu ga reshe tsirara."

Daga can na leƙo shi. Ashe ya ƙanƙance.
Ina da shekara huɗu uwata ta sauke ni a ƙofarsa
da jaka guda da takalmin da ya matse ni,
ta ce zuwa Lahadi.
Bai taɓa faɗa mini abin da na sha daga jikinsa ba,
ni ma ban auna ba.

Na sauko, na zauna a kan kututture,
na rubuta a jikin buhu: sunan itace, wata, gangaren gabas,
kwana goma sha ɗaya ba ruwa.
Ya miƙo hannu, na sa masa ganye guda.
Ya daɗe yana taunawa, yana kallon tuffar.
"Da ɗaci," ya ce. "Ta farfaɗo.
Ɗauki buhun, miya na hucewa."