Goma Sha Takwas

Shekara ashirin ina gyaran firiji a Asawase,
duk wanda ya zo rumfata kukansa ɗaya:
Bawa, ya daina sanyi, kifi zai ruɓe,
Bawa, ƙanƙara ta narke, ciniki ya tsaya.
Sai ran nan Boakye, tsohon malamin lissafi,
ya sauke firiza daga bayan tasi
ya ce yana so in hana shi yin ƙanƙara.
Na ce, to ka zare wayar mana.
Ya yi dariya har da tari.

Giya yake haɗawa a jarka, a bayan ɗakinsa.
Ni ko warinta ba na so a rigata.
Na yi shiru ina juya sukudireba,
kuɗin makarantar Rabi na juya ni.

Ya ce yis rai gare shi, kuma ɗan gata ne.
In zafi ya yi yawa sai ya yi gaggawa,
abin ya fito da warin ayabar da ta kwana a Kejetia.
In sanyi ya yi yawa sai ya naɗe ƙafa ya yi barci.
Goma sha takwas yake so.
A garin da tun hantsi ake talatin da biyu!

Na ɗaura masa ɗan akwati mai ido ja
tsakanin bango da firiza,
mai gadi, ya ce tashi, ya ce kwanta.
Harshen ma'aunin na bar shi yana lilo a iska,
nan na yi kuskure.
Iska ba ta da alkawari,
da an ɗaga murfi ta canza magana,
inji ya kama, ya saki, ya kama,
kamar mai shaƙuwa.
Kwana biyu haka, da kwamfireso ya ƙone.

Na koma da yamma, na manna harshen a cikin jarka ta waje,
na rufe shi da guntun soson katifa,
na sa wa injin haƙurin minti goma.
Da na dafa jarkar sai na ji ɗumi,
ɗumin da ba na ɗaki ba, nata ne,
abin da ke tsima yana da zazzaɓinsa.
Sai ga Inna a idona, a Bawku,
tana cusa hannu ƙarƙashin buhun daddawa,
ba ido ja, ba waya,
ta ce, ƙara ganye, ko ta ce, ɗan buɗe.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Ƙarfe ɗaya ya kira ni, muryarsa na rawa.
Na ce, kar ka buɗe, Malam, kar ka leƙa,
sanyin da ke ciki ya fi wanda za ka kawo.
Bai ji ba. Ya jera ledojin ruwa masu ƙanƙara,
ya zauna da tocila kamar mai jinya
har ladanin Aboabo ya yi kiran farko.

Bayan mako uku ya zo da kwalba biyu.
Ya ajiye ta zoborodo a gabana,
ɗayar ya ɗaga wa rana, yana ta kallo.
Ban tambaye shi ɗanɗano ba.
Na dai ce ya riƙa tsane ruwan da ke taruwa a ƙasa,
tsatsa ta fara cin kusurwar hagu.