Saukar Hawan Kibo

Shekara ashirin da uku ina jan tirela.
Na ɗauki siminti, na ɗauki dankalin Bokkos,
na ɗauki injin fasa dutse har Lokoja,
amma ban taɓa ɗaukar kayan da ke kallona ba
sai daren Larabar nan.

Ƙarfe biyun dare, a bayan Bukuru,
aka buɗe ƙofar masana'anta.
Ta fito da ƙafarta, tana tauna kwalta,
ta hau bayan motata kamar giwa a kwalekwale.
Tayoyi talatin da biyu suka yi nishi tare.
Gyang, yaron motata, ya cire hula
bai san ya cire ba.

Tankar yaƙi ce, ƙirar gida.
Ba jirgin ruwan da ya sauke ta a Ikko.
Masu ita na tsaye a bakin ƙofa
da ƙunar walda a yatsu, idanu jajur.
Ga Tanimu na Dilimi da ya taɓa like min salansa,
ga injiniya Nanret, 'yar siririya,
ta bi sarƙoƙin da na ɗaure tana ja ɗaya bayan ɗaya,
ta ce, "Baba Ilu, shekararmu huɗu ce a bayanka,
kada ka kai mana ita rami."

Na ce, "'Yata, ubana kuza ya haƙa a tudun nan,
jirgin ƙasa ya kwashe, aka bar mana kududdufai.
Yau ƙarfe ya kwana gida har ya yi ƙafa,
ni ne zan yar?"

Mun wuce Riyom, duwatsu na barci a kan juna.
Sai Hawan Kibo.
Kowane direba na da mamacinsa a nan.
Na sa lamba ɗaya, ina lallashin birki,
tan hamsin na tura ƙeyata
kamar mai bin bashi ranar kasuwa.
Gyang na kiran Yesu, ina kiran Ya Salamu,
sojan da ke tsakaninmu yana ba kowa aminsa.
Ƙaurin ƙarfe ya cika kan mota.
Ban san kwana nawa muka sha ba,
rigata ce ta ƙirga, ta jiƙe sharkaf.

A gindin hawa muka tsaya shan shayi.
Wata tsohuwa mai ayaba ta leƙa ƙarƙashin tamfol,
ta ga sarƙa, fuskarta ta washe:
"Katafila ce? Hanyar garinmu za a yi?"
Na hura shayina.
Na daɗe ina hurawa.

Me zan ce mata?
Ƙanena Sallau a buɗaɗɗiyar mota ya shiga daji,
hularsa da agogonsa aka kawo mana.
Da yana cikin irin wannan,
da yau shi ke aurar da 'yarsa, ba ni ba.
Amma ni ɗan Jos ne,
na san ƙarar sarƙa a kan titin unguwa,
na san yadda shinkafa ke ƙarewa ranar hana fita.

Rana ta fito mana a Keffi.
A cunkoson Mararraba yara suka ɗaga wayoyi,
wani ɗan acaɓa ya sara mata da hannun hagu.

A bariki, Abuja, an kafa rumfa, an jera kujeru.
Ta sauka, aka yi tafi, aka busa ƙaho.
Wani mai anini ya ce in ja motata baya,
tana ɓata hoto.
Na ja.
Aka miƙo takarda: kaya guda, ya iso lafiya.
Na dangwala.

Komawa, mota ta yi sakayau kamar ba tawa ba,
ina ta duba madubi, ba mai kallona.
Gyang ya ce, "Oga, Allah sa ta yi aiki."
Na ce, "Allah sa ta tsufa tana jira."
Bai gane ba, ban ƙara ba.

A Akwanga muka loda doya,
don hawa ba ya son mota ba kaya.