Kujera Mai Gajeriyar Ƙafa

Ni na jera kujerun shekarar farko.
Ashirin da uku, aro gida-gida,
na gangaro da su matakalar tudun Valparaiso,
biyu a kafaɗa, ɗaya ina ja.

Ɗakin yana ƙarƙashin shagon kifin Eulalia,
ƙarni ya riga kowa samun wuri.
Kwan fitila guda, da makirufo
wanda sai an mare shi yake magana.
Mutum tara suka zo.
Biyu ruwan sama ne ya koro su.

Nibaldo ya hau akwatin sardin,
direban bas ne shi da rana.
Ya ce mai gida ya ƙara masa haya
wai ɓeran ɗakin ya haihu, mazauna sun ƙaru.
Tsit.
Sai wata kujera mai gajeriyar ƙafa
ta yi ƙiiiƙ a ƙarƙashin tsohon masunci.
Nibaldo ya rusuna mata:
"Na gode, madam, ke kaɗai kika gane."
Dariyar da ta ɓarke a daren
har kifin sama sai da ya motsa cikin ƙanƙara.

Shekara ta huɗu mutane suka tsaya a titi,
kunne a taga, lema a hannu.
Ta bakwai muka koma sito a bakin teku.
Ta goma 'yan banki suka iso
da tutoci da murmushin guga.
Masu barkwanci daga Lima, daga Rosario,
kowa da jakarsa da tsegumin garinsu.

Bana ta goma sha shida.
Kwana tara, dandamali shida,
kujera dubu biyu ɗaure da ƙusa,
babu mai kuka a cikinsu.
Shagon Eulalia kofi ake sha yanzu,
kuɗin kofi ɗaya ya fi na kifi uku.
Wani yaro mai kati a wuya
ya tare ni a ƙofa, wai ina shaidata.

Ba na ƙyashi. Gari na dariya,
masu tasi na ci, masu otal na ci,
abin da muka shuka ne ya fi ƙarfin tukunya.

An ba Nibaldo minti bakwai,
ƙarfe biyar, kafin manyan baƙi.
Jan agogo na ƙirga masa numfashi.
Ya yi furfura. Ya ja zancen haya,
jama'a na kallon wayoyinsu.
Tsit.

Ni kuwa can baya, kusa da tsintsiya,
na shigo da ita a hammata.
Na zauna. Na karkata hagu.
Ƙiiiƙ.

Ya ɗaga kai, ya kare ido daga fitila.
"Madam," in ji shi, "ashe kina raye?"

Cikin mutum dubu biyu
mu biyu muka yi dariya,
har agogon ya cinye lokacinsa.