Inda Muka Kafa Tanti a Lagdo

Mun bar Garwa da sanyin safiya,
mota ta cika har rufi:
tabarmi, tukunya, buhun gawayi,
da tantin da na aro wurin Sa'adu mai walda,
wanda turkensa ɗaya ya ɓata tun bara.

Hantsi bai yi nisa ba sai ga Lagdo,
ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji,
duwatsu sun tsoma ƙafa a ciki
kamar shanun da suka ƙi fitowa.

Nan gardama ta tashi.

A kan tudu akwai masaukin masu hali,
fararen tantuna, gado da katifa a ciki,
fanka na juyi, janareto na tari.
Yaron ƙofa ya faɗi kuɗin kwana ɗaya da sefa,
na lissafa a zuci: ɗinkin riga goma sha biyu.
Dudu ta dube ni, ni na dubi tafki.
Na ce, "Ai iskar Allah muka zo sha,
fanka akwai ta a gida."

Gambo ya zaɓi gindin tsamiya saboda inuwa.
Bai gama warware tabarma ba
cinnaku suka karɓi harajinsu a cinyarsa,
ya taka rawa ba makaɗi.
Ladidi ba ruwanta da inuwa,
inda waya ke kamawa take nema:
ta hau wani falalen dutse, hannu a sama,
dutsen da ko ƙadangare ba ya daɗewa a kai.

Ni kuwa na ga nawa.
Farin rairayi mai laushin gari,
taku goma ka taɓa ruwa,
ga hanya fetal ta ratso ciyawa
kamar don mu aka share ta.
Na buga turke biyu, na ajiye buta,
na ce, "Magana ta ƙare. Ni na tuƙo mota."

Inna Yelwa ba ta ce uffan ba.
Ta dogara sanda ta hau gangare,
tana duban ƙasa kamar ta yar da allura.
Can gefen wata kanya ta tsaya:
duwatsu uku da hayaƙi ya rine,
tsohuwar toka, ƙayar kifi.
Ta ce, "Nan.
Wani ya hura wuta a nan, ya kwana,
ya tashi da ƙafafunsa.
Waccan hanyar taka, Bawa,
ka tambayi wanda ya share ta?"

Na ciro turakuna ina gunaguni.
Buta na manta.

Dare ya same mu da karfasa kan gawayi,
wani masunci ya sayar mana yana dariyar da ban gane ba.
Sukundireba ya tsaya wa turke na huɗu.
Taurari suka sauko ƙasa ƙasa
har Ladidi ta kife wayarta.
Tsakar dare janareton tudu ya yi tarinsa na ƙarshe,
sai muka ji tafkin yana numfashi.

Sannan gurnani.
Ruwa ya tsage, ƙasa ta amsa,
wani abu mai nauyin ɗaki ya fito, wani ya biyo shi,
suna tuge ciyawa, suna huci.
Dudu ta damƙe hannuna har ƙashi.
Gambo ya raɗa, "Baba, dorina."
Inna kuwa minshari take.

Da gari ya waye na sauka ni kaɗai.
Sawu kamar turmi, jere a kan rairayina,
daidai ramukan turakuna biyu,
ga butata a baje kamar faifai.

Ba wanda ya ce mini komai.
Inna ta miƙo kofin shayi,
a tukunyar miya aka dafa shi,
yana ɗan ƙanshin daddawa.

Butar tana rataye a shagona yanzu,
sama da keken ɗinki.
In mai kawo aiki ya tambaya,
sai in ce masa
kuɗin makaranta ne na biya a Lagdo.