Gado Biyu

A Tawa ba a sayen rana.
Inna Tabawa ta sha ta shekara sittin
a bakin shanyar albasa,
har ƙeyarta ta yi baƙin tukunya.

To ina ranar ta shige?

Shekara tara da ɗaukewar jininta
ta sunkuya ɗaukar buta,
ƙugu ya ce ƙas, kamar karan dawa.
Ba tuntuɓe, ba santsi.

Likita ya ɗaga hoton saitin taga:
ƙashi duk huji, kamar gara ta kwana ciki.
Ya ce fata ke dafa rana ta zama bitamin D,
amma ƙofar da ke karɓarsa a jiki
gadonta ake yi.
Ta wata da faɗi, ta wata da ƙunci.

Sai na tuna kaka Dela
da ta yi ta gajarta
har goshinta ya kusa gai da ƙasa.
Muka ce tsufa ne.
Ga Azumi ta maƙwabta, sa'ar Inna,
har gobe da tulu a ka.
Tuwo ɗaya, rana ɗaya.

Wannan rabon ba gaban alƙali aka yi shi ba.
Ba tunkiya ba ce, ba kwalla ba.
Tun muna ciki aka damƙa mana.

Yau Inna na kan gado saboda gado.
Ina dama mata fura da kindirmo,
ina ɓare mata kifin Tabalak,
ƙwaya ɗaya bayan azahar.

Ni arba'in da shida gare ni,
wata ya fara tsallake ni.
Da dare nakan matsa wuyan hannuna,
in kasa kunne.