Ƙararrawar Famfo

A Garin Malam ruwa ba ya sallama.
Ƙarfe biyun dare yake zuwa, ko uku,
saɗaf-saɗaf kamar wanda ake bi bashi,
ya leƙa bakin famfo, ya juya.
Da safe sai laima a ƙasa
da jarkoki goma sha ɗaya
sun buɗe baki suna kallona.

Shi ya sa na sayo ɗan allon nan
da bai fi kwalin ashana ba,
jaka huɗu wurin Ma'azu a kasuwar Dole,
shi ma cikin kayan salula aka saƙo masa daga Kano.
Ƙafafu talatin gare shi, ba ya zuwa ko'ina.

Ordinatar tsohuwa ce, ofis ya yar,
na zuba mata Linux, ta yi atishawa, ta tashi.
Ba wanda ya ce in ba da ko dala.
Wasu da ban san fuskarsu ba suka rubuta,
suka ajiye a fili,
kamar randar bakin hanya da moɗa a kanta.
Na sha.

Waya biyu ce tsakanin allon da ma'aunin bututu:
ɗaya na kiɗa lokaci,
ɗaya na ɗauke da magana.
Allo ya kira suna, ya yi shiru yana jiran na'am.
Kwana tara ba na'am.

Dalma ta ƙone mini ɗan ali.
Kuran ya ɗauke, na ci gaba da fitilar salula a baki.
Na zargi Ma'azu. Na zargi zafi.
Na zargi wanda ya ƙera abin a can ƙasarsu,
har na tambayi kaina wa ya aike ni,
ni da nake da makin yara tamanin ban duba ba.

Manzo, ɗan ƙanwata, yana cin gyaɗa a bayana.
Ya ce, Kawu, shuɗiyar ai a hoto ba nan take ba.
Na ce ka tafi ka yi wasa.
Da ya fita na musanya su.
Baƙin gilashi ya tofo lamba ɗaya tak,
na zauna ina kallonta kamar jinjiri ya ce baba.

Daren Laraba ƙararrawa ta tsage.
Gida ya tashi, maƙwabta suka tashi,
Iya Cima ta fito da bokiti biyu, ɗankwali a hannu.
Famfo ya yi tari, ya yi gyatsa,
ya hura mana iska mai warin tsatsa.
Ko ɗigo.
Iya Cima ta ce, Malam, injinka bai san Damagaram ba,
nan sai iska ta gama wucewa ruwa ke biyo ta.

Na koma na ƙara masa layi uku:
in ka ji motsi, kada ka yi ihu,
ƙirga zuwa sittin tukuna.
Haƙurin da ya ci wa tsohuwa shekara saba'in
ni a layi uku na rubuta shi, har da kuskure a na biyun.

Yanzu yana kira daidai.
Sai dai duk daren da na fito da gudu, takalmi ɗaya,
Iya Cima na riga ta kafa bokitinta.
Wai a ƙashin bayanta take jin bututu.

Jiya na ɗora rubutun inda na ɗebo na wasu,
na sa sunan Manzo, na sa nata.
Wataƙila akwai wani gari mai duwatsu irin namu
da wani mai jarkoki yake kwana da kunne ɗaya.
Moɗa ɗaya ce na mayar a randar.
Saura makin yara.